Ido na Uku a Aljihu

Jika talatin da biyar na ƙirga wa Rabe.
Ya ce daga Kwatano ta zo, ko ƙwarzane babu.
Na auna ta a tafin hannu,
ba ta kai sabulun wanka nauyi ba.
Na sa ta aljihun gaba, mazaunin alli da igiyar awo,
na hau kabu-kabu zuwa Bagalam
ina dafe da ƙirji kamar mai ciwon zuciya.

Ni tela ne.
A da, in mace ta ce, "Irin wuyan da ka yi wa Habsu,"
sai in ɗaga kai ina neman Habsu a rufin kwano.
Yanzu latsawa nake, in miƙa:
ga wuyan, ga Habsu, har da haƙorinta na Makka.
Ciniki ya ƙaru, ba zan ɓoye ba.
Jar akuyata ma da ta ɓace ranar Juma'a,
hotonta ya ƙwato min ita a kasuwar bisashe
daga hannun wani mai rantsuwa da kabarin kakansa.

To, wa ya gaya wa unguwa?
Suna, ɗaurin aure, saukar karatu,
"A kirawo Ishaƙa da ƴar kamararsa!"
Ana cin shinkafa, ina tsaye:
ku matso, ku dubo nan, yaro sauke hannu.
In na waiwayo, tire ya koma ƙashi.
Ba mai ba ni ko dala,
sai "Yaushe za ka wanko mana?"

Da dare kuwa dundumi gare ta.
In ta yi walƙiya, idon amarya ya zama garwashi,
uwar ango ta ce na mai da ɗanta aljani.
Batirinta alkawarin mai cin bashi ne.
An ɗauke wuta tun azahar,
ita ma ta ɗauke numfashi
daidai lokacin da liman ya ɗaga hannu.

Tsoho Ɗan Barmo mai shagon foto na bakin tasha,
wanda labulensa ke da zanen jirgin sama da teku,
ya rage tsawon gaisuwarmu.
Na san laifina.

Ran da kati ya cika, na zauna kan keken ɗinki
ina zaɓen wanda zan share.
Wannan ya rufe ido, tafi.
Wannan ya ci min bashin leshi, tafi.
Yatsana ya yi sanyi.
Ban saba da irin wannan iko ba.

Inna Cima na iske a garkarta ta bakin gulbi,
zaune gindin mangwaro tana ɓarar gyaɗa.
Ta ce, "Ajiye abin nan, ɗan nan.
Kana leƙena ta taga,
alhali ƙofa a buɗe take."
Na yi dariya, na latsa.
Ta kau da kai.
Fuska ta narke kamar gishiri a ruwa,
hannu kaɗai ya fito sarai,
jijiyoyi, zoben azurfa, ɓawon gyaɗa ɗaya.
Na ce zan dawo in sake.
Aikin sallah ya riƙe ni.
Ba ta ga ƙarshen damina ba.

Yanzu in na rufe shago nakan jawo hannun nan kusa,
kusa, kusa,
har ya tarwatse ya zama ƴan tubala.
Babu ƙamshin daddawar zanenta a ciki,
babu tarin da take yi kafin ta faɗi gaskiya.
Duk da haka, ko jika ɗari ka aje,
ba ka tafiya da katin nan.

Jiya Lawali, autana, ya ɗauke ta.
Ya bi hotuna ɗari takwas da goma sha biyu
ɗaya bayan ɗaya, leɓe na motsi.
Ya ɗago ya ce,
"Baba, kai ba ka je ko'ina ba?"